Yadda muka gano ƙarfe ya yi wa yarona yawa a jiki, daga Garwa har Yawunde

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan rubutu na yi shi ne saboda iyayen yara masu sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, mu na nan arewacin Kamaru, Garwa da Marwa da Ngaundere, har da 'yan uwanmu na Kuseri da Injamena, don wahalar da muka sha kafin mu gane abin da ke damun yaron nan ba na so wani uba ko wata uwa su sha irinta. Jinin da ake ƙara wa yaro yana ceton ransa, wannan babu ja, amma kowace ledar jini tana barin sinadarin ƙarfe a jikinsa, wanda za ka ga an rubuta fer a takardun lopital, wato asibiti, kuma jiki ba shi da hanyar fitar da shi sai ɗan kaɗan, in ya taru sai ya soma cin hanta da zuciya da tsoka yana kuma karya sojojin jiki. Zan faɗi yadda abin ya tafi tun daga farko.

Yaron shekararsa 13 yanzu, SS ne, tun yana ƙarami kusan duk damina sai palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ta kwantar da shi jini ya sauka a ce a nemo leda, ni da ƙannena da kawunsa duk mun sha ba da jini. Mun saba da ciwonsa, mun san kukan ciwon ƙashi mun san idon da ya yi ɗorawa. Amma bara sai wani abu daban ya ɓullo. Yaron da ke tuƙa keke daga gida har makarantar allo sai ya zamana ko rabin hanya bai kai ba ya sauka yana turawa, in ya tsuguna alwala sai ya dafa bango kafin ya miƙe, cinyoyinsa suka rame har wando yana masa yawa, ga maruru wannan na warkewa wancan na fitowa, ga gudawa da zazzaɓi da ba sa ƙarewa. Muka kai shi wani ƙaramin asibiti a kusa da mu, aka auna jini aka ce yana wajen 8, wanda dama nan ne mazauninsa ko yana lafiya, aka rubuta mana maganin ƙwayoyin cuta da wani siro na ƙarin jini mai fer haɗe da asid folik aka ce ya sha wata uku. Ya sha, babu abin da ya canza sai ma ciwon ciki da ya ƙaru.

Daga nan muka nufi babban lopital. Ga wanda bai saba ba, ka yi sammako bayan asuba, ka fara zuwa kes ka biya kuɗin ganin likita a ba ka rasit, ka ajiye karne, wato littafin asibitin yaro, a kan teburin infirmiye, wato nas, a auna nauyi da zafin jiki, sannan ka zauna jira. Mu dai sai bayan azahar muka shiga, yaron ya kwanta a kan benci kansa a cinyar mamansa duk tsawon lokacin, don haka ku riƙo ruwa da ɗan abin tauna. Likitar yara ce, mace mai natsuwa, ta duba shi ta danna cikinsa ta ɓangaren dama ya ɗan yi ƙara, ta sa shi ya tsuguna ya tashi ba tare da ya dafa komai ba ya kasa, sai ta juyo ta ce min, Baba, tun da aka haifi yaron nan leda nawa aka taɓa ƙara masa? Wallahi a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa yi mana wannan tambayar. Ta ɗauki kwalbar siron da muka zo da ita ta karanta bayanta, ta ce daga yau a daina, asid folik kaɗai zai riƙa sha, wanda babu fer a ciki. Ta ce mu je mu tattaro duk tsofaffin karne mu ƙirga ledojin mu dawo.

Wannan ƙirgar aiki ce babba, karne guda yana cikin akwatin mamansa, wani yana gidan Inna kakarsa, wani ruwa ya jiƙa shi rubutun ya dushe, na wani asibitin ma ya ɓata sai da tunani muka cike, muna cewa shekarar da aka yi bikin wance, daminar da katanga ta faɗi. Da muka haɗa ledojin sun haura 20. Da na kai mata ta ɗauki biro ta yi min lissafi a bayan ordonans, wato takardar magani, kuma takardar tana hannuna har yau. Ta ce jikin babban mutum gaba ɗaya ƙarfen da ke ciki giram 3 zuwa 4 ne, abin da yake fita a rana ta fata da hanji bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, amma cikakkiyar leda ɗaya ta jini tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250. Ko da a ce wasu ledojin nasa ƙanana ne na yara, abin da ya shiga jikinsa ya fi ƙarfin jikin yaro mai kilo 30. Ta ce ƙa'ida ita ce in mutum ya kai leda 10 zuwa 20 a soma auna masa feritin, wato ma'ajin ƙarfe na jiki.

Ta rubuta analis, feritin da awon hanta da awon ƙoda da cikakken awon jini da wani da ake cewa CRP mai nuna ko akwai kumburi ko cuta a jiki. A nan ne muka yi asarar kuɗi da ban so kowa ya yi. Laboratuwar ɗin da muka fara zuwa suka karɓi kuɗi suka ɗibi jini alhali yaron yana cikin zazzaɓi a ranar, babu wanda ya tambaya, feritin kaɗai na biya sefa 12,000, sauran suka kai abin kusan 30,000. Sakamako ya fito feritin ya haura 3,000, na tsorata ƙwarai don na ga a gefen takardar an rubuta cewa mai lafiya ba ya wuce 300. Da likitar ta gani ta duba CRP ta ga ya hau, sai ta ce wannan awon ba za a dogara da shi ba, domin feritin yana tashi da zazzaɓi, da palu, da ciwon hanta, da rikicin sikila kansa, sai yaro ya warware ya yi makonni yana lafiya a sake. Muka koma gida muka yi jinyar zazzaɓin, muka jira, wannan jiran shi ya fi komai ci min rai don kullum ina kallon yaron ina tuna lambar nan. Da aka sake sai ya fito wajen 2,300. Ta ce to wannan gaskiya ne, duk abin da ya zauna sama da 1,000 a awo fiye da ɗaya ga mai yawan karɓar jini, lokacin magani ya yi.

Ranar ta zaunar da ni ta yi min bayani da kyau, Allah ya saka mata da alheri, kuma shi ne nake so in isar yadda na fahimta. Ƙarfe ba abokin gaba ba ne, shi ke riƙe iskar da muke shaƙa a cikin jini, tsoka ma tana da nata sinadarin mai ƙarfe da ke ajiye mata iska, kuma 'yan ƙananan injinan da ke samar da ƙarfi a cikin kowace ƙwayar tsoka da shi suke aiki. A jini akwai wani sinadari mai suna taransferin da ke ɗauke da ƙarfen a ɗaure yana kai shi inda ake buƙata. Matsalar tana farawa ne in taransferin ya cika ya rasa wurin ɗauka, sai ƙarfen ya riƙa yawo a sake yana kutsawa cikin ƙwayoyin hanta da zuciya da tsoka, a can ya haɗu da iska ya haifar da wasu sinadarai masu ƙona bangon ƙwayar da injinan nan nata. Ta ce ka ga yadda ƙusa ke yin tsatsa in ta kwana cikin damina, to kusan haka ne, sai dai a nan naman jiki ne ke lalacewa. Shi ya sa tsoka ke saurin gajiya ta rame, kuma zuciya ita ma tsoka ce da ba ta hutawa, in ƙarfe ya cika ta bugunta yana rikicewa daga baya ta kasa tura jini. Ta faɗa min gaskiya cewa ga masu sikila ƙarfen ya fi taruwa a hanta, zuciya ba ta cika kamuwa da wuri ba kamar yadda take yi wa masu talasemiya, wata cutar jini ta gado, kuma raunin ƙafafunsa akwai hannun ƙarancin jini da yawan kwanciya da rashin cin abinci a ciki, amma dole a duba zuciyar. Ƙarfen yana kuma iya taɓa wuraren da ke kula da suga da girma da balaga.

Ɓangaren garkuwar jiki shi ya fi ba ni mamaki. Akwai wasu manyan fararen ƙwayoyi da ake kira makurofaj, suna zaune da yawa a hanta da saifa, aikinsu biyu ne, suna cinye jajayen ƙwayoyin jini da suka tsufa su ajiye ƙarfensu don a sake amfani da shi, kuma suna haɗiye ƙwayoyin cuta su kashe. Jan ƙwayar jini ta mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu, ga kuma jinin da ake ƙarawa shi ma a hannunsu yake ƙarewa, to in sun cika da ƙarfe sai aikin kashe cuta ya yi rauni. Sauran fararen ƙwayoyin da ke fara rugawa wurin rauni, nitirofil, su ma tafiyarsu da kamunsu yana raguwa. A ɗaya ɓangaren kuma ƙwayoyin cuta da yawa da ƙarfe suke hayayyafa, har ta ambaci wata mai suna Yersinia mai kawo gudawa da ciwon ciki da zazzaɓi wadda aka san ta da son jikin mai ƙarfe da yawa. Ta ce Allah ya yi jiki da dabara, in cuta ta shiga hanta tana sakin wani sinadari mai suna hepsidin da ke sa a kulle ƙarfe a ɓoye shi don kada ƙwayoyin cuta su samu, amma in ƙarfen ya yi yawa har yana yawo a sake wannan dabarar ba ta isa. Sai ka haɗa da cewa mai SS dama saifarsa tun kafin shekara biyar ta kan daina aiki. A nan na gane maruru da gudawar nan. Ta ma ba ni labarin wani bincike da aka yi a tsibirin Pemba na Zanzibar aka wallafa a 2006, yara wajen 24,000, inda aka ga waɗanda ake ba fer da asid folik kullum a wurin da palu ta yi yawa sun fi kwanciya asibiti ko rasuwa har aka tsayar da ba su maganin kafin lokaci. Amma ta ja min kunne kada in je in hana kowa shan fer, mai ciki da yaron da awo ya nuna ƙarfensa ya yi ƙasa suna buƙatarsa sosai, a dai haɗa da gidan sauro da maganin palu.

Ta rubuta mana takardar turawa zuwa likitan jini a Yawunde. Ku tabbata takardar tana da hatimi da sa hannu, ku yi fotokopi na duk sakamako, ku kuma kira ku karɓi randebu, wato ranar ganin likita, kafin ku tashi don likitan jini ba kullum yake zama ba. Muka hau mota daga Garwa zuwa Ngaundere, muka shiga jirgin ƙasa na dare muka wayi gari a Yawunde. Ga mai sikila na ga ya fi a daure a biya wurin kwanciya, a riƙo bargo da ruwa mai yawa, sanyin dare a hanyar nan yana iya tayar da ciwo. Muka sauka wurin wani ɗan uwa a unguwar Birketiri, ba don shi ba kuɗin masauki kaɗai ya isa ya karya mu. A asibitin can ma tsarin ɗaya ne, sabon karne, kes, layi, sai dai komai ya fi tsada kuma kowane awo da kes ɗinsa da rasit ɗinsa, ka ɓatar da rasit ka sake biya. Aka yi masa awon bugun zuciya da ekografi, wato hoton na'ura, na zuciya da na ciki, aka sake awon ƙoda da fitsari, aka tura mu awon ji da awon ido saboda maganin da za a fara yana iya taɓa su. Lokacin ekografin zuciya ina tsaye a bayan mai awon ina kallon abin yana buɗewa yana rufewa a allo, yaron yana kwance an shafa masa man nan mai sanyi a ƙirji yana kallona, ni kuma babu abin da nake sai salati a zuci. Alhamdulillahi zuciya lafiya, hanta ce ta ɗan kumbura. Likitan ya ce awon da ya fi nuna yawan ƙarfen hanta da zuciya shi ne wani hoton cikin jiki na musamman da ake cewa IRM, ba kowane inji aka saita masa shi ba, mu dai da feritin da awon hanta za a riƙa bin sa. Tafiyar gaba ɗaya da awo da mota da abinci ta ci min sama da sefa 250,000, sai da 'yan uwa suka yi karo-karo ta Orange Money.

Na tambaye shi, Dokta, ba za a iya zuƙe jinin a rage ba? Ya ce ana yin haka ga masu wata cutar gado da ta fi yawa a Turawan arewacin Turai, waɗanda hanjinsu ke tsotsar ƙarfe fiye da kima alhali jininsu cike yake, amma yaron da jininsa ke 8 ba a ɗibar masa. Nasa magani ne mai kama ƙarfen ya fita da shi. Akwai tsohon, deferoksamin, wanda ake sa allura ƙarƙashin fata da ɗan inji na awa 8 zuwa 12 kusan kowane dare, akwai deferipuron wanda yake iya rage fararen ƙwayoyin jini sai an riƙa awo a kai a kai, sai deferasiroks na sha sau ɗaya a rana wanda ya fito a 2005, shi aka rubuta mana, ana lissafa shi da nauyin yaro. Ya kuma ɗora shi a kan hidiroksiyuriya don a rage yawan rikicin da buƙatar ƙarin jini, ya ce in ba a toshe ta inda ƙarfen ke shiga ba aikin banza ake.

Samun maganin shi ne wani yaƙin. Mun zaga farmasi da dama babu, inda muka samu mai sunan kamfani kuɗin wata ɗaya ya fi abin da nake samu a kasuwa a wata, sai wani mai farmasi ya ce akwai jenerik na Indiya, wato sinadari ɗaya amma na wani kamfani, zai yi odarsa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba ko da yake shi ma ba arha ba ne. Na ɗauki hoton kwalin na tura wa likitan ya amince kafin na biya. Ku roƙi a rubuta muku sunan sinadarin a ordonans ba sunan kamfani kaɗai ba, kuma ku yi oda tun saura mako biyu ya ƙare, don kafin ya iso Garwa ana ɗaukar lokaci. Irin namu na narkarwa ne, mamansa ke jefa shi a kofin ruwa da sassafe ta motsa har ya zama fari kamar ruwan alli, ya shanye, ta ɗauraye kofin ya sake sha, sai bayan rabin awa ya karya. Ba a haɗa shi da maganin gyambon ciki mai alminiyom. Makonnin farko ya yi tashin zuciya da ɗan zawo, muka kira likitar Garwa ta ce a ci gaba a yawaita ruwa, amma in amai ko gudawa ta yi tsanani ko zazzaɓi mai zafi ya zo a tsayar a kawo shi, saboda ƙoda. Duk wata sai awon ƙoda da hanta, kada ku ce tunda yaro na wasa a bar na wannan watan.

A gida ma sai da aka yi zama. Inna ta kasa yarda a ce mai ƙarancin jini a hana shi maganin jini, duk maƙwabciyar da ta zo dubiya kuma da kwalbar siro a jakarta. Na ce Inna ki yi haƙuri, jininsa ba ƙarfe ya rasa ba, fashewa yake yi da wuri, ƙarfen na nan jibge. Sai da likitar da kanta ta yi mata bayani da Fulatanci sannan ta sakko, yanzu ita ke karanta wa baƙi dokar. Game da abinci an ce kada mu takura shi, nama da zogale da wake ya ci abinsa don yana buƙatar gina tsoka, abin da ke shiga ta abinci kaɗan ne in aka gwada da leda, a dai bar hanta kullum-kullum, a bar duk wani bitamin da ba likita ya rubuta ba don da yawansu akwai fer a ciki, har da ƙwayar bitamin C mai ƙarfi da ke ƙara tsotsar ƙarfe. Shayi bayan abinci ma yana rage tsotsar, wannan kam bai yi mana wuya ba. Kuma ƙwayoyin fer na mamansa na awon ciki mun ɗaga su sama mun kulle, don ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa guba ce mai kisa.

Saukar lambar a hankali take, kada wanda ya fara ya karaya, ƙarfen da ya taru cikin shekara goma ba ya fita a wata biyu. Awon farko bayan fara magani kusan bai motsa ba har na ji zuciyata ta karye, likitar ta ce ba awo ɗaya ake kallo ba, inda layin ya dosa ake kallo. Yanzu ya sauko ƙasa da 1,600, maruru sun yi sauƙi sosai, yana tashi daga tsugune ba dafa bango, keken ma ya koma hawa ko da yake ba nisa. An ce ya riƙa ɗan motsa jiki da safe ko da yamma ba cikin rana ba, don tsokar ta dawo.

Abin da zan roƙi duk mai irin yaron nan, ka sayi ɗan littafi guda ka ware shi don jini kaɗai, duk ranar da aka ƙara ka rubuta kwanan wata da girman ledar da yawan jininsa kafin a sa, ko a wane gari aka yi, ka tafi da shi duk inda za ka ga likita. In ledoji sun doshi 10 kai da kanka ka ce Dokta ba za a auna feritin ba, kada ka jira a tuna, kuma ka kai shi awon ranar da yake lafiya garau. Kar kuma wannan labari ya sa wani ya ƙi ƙarin jini ranar da likita ya ce jini ya sauka, a sa masa, ƙarfen ana fitar da shi daga baya. Ka juya bayan kowace kwalba da kowane kwali ka nemi kalmar fer kafin ya shiga bakinsa, in ba ka iya karatun Faransanci ba ka miƙa wa mai farmasi ya duba maka. Mu namu randebu na Yawunde bayan sallah ne, za a sake ekografin hanta da awon ji, a sa mu a addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.